Wa Zai Riƙe 'Yar Shuni?

Ku matso nan, ku ajiye wannan gardamar taki da kuke yi tun bayan la'asar, don ba ƙarewa za ta yi ba. Ina da wata gardamar da ta fi taku nauyi, yau wata biyu ke nan ina ɗauke da ita ni kaɗai. Ba tatsuniya zan yi muku ba. Mutanen da ke cikin labarin duk kun san su, biyu daga cikinsu ma sahu ɗaya kuka yi salla da su ɗazu. Abin da nake roƙo shi ne kada wanda ya katse ni sai na kai ƙarshe, sannan kowa ya faɗi abin da ya gani.

Kun san yayata Barira, Allah ya jiƙanta. Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne, ranar da aka kawo ta gidan miji, shekara hamsin da 'yan kai da suka wuce, mahaifiyarmu ta saka 'yar kyanwa a kwando cikin kayanta, saboda an ce ɓeraye sun addabi rumbunan gidan da za ta. Tun daga ranar jinin kyanwar nan bai yanke a ɗakin Yaya ba. Uwa ta tsufa, 'ya ta gaje ta, haka har aka zo kan ta bakwai, wata mai launin toka mai duhu da farin tabo a ƙirji, wadda Yaya ta sa wa suna Shuni. Duk abin da ta zo da shi daga gidanmu ya ƙare, tukwane sun fashe, tabarmi sun ruɓe, mutanen ma sun tafi. Wannan jinin kaɗai ya rage mata.

Yaya ba kiwon sakaci take yi ba. Ba ta barin kyanwarta ta haihu fiye da sau ɗaya a shekara. In ta fara kukan neman namiji alhali ba ta daɗe da yaye ba, sai ta kulle ta a ɗaki har kukan ya wuce. In kuwa ta bar ta ta ɗauki ciki, tun kafin haihuwa ta riga ta san gidajen da 'ya'yan za su, kuma ba ta ba kowa sai sun yi wata biyu suna shan nono, sun iya cin abinci da kansu. Akwai wani mai kuɗi a garin nan, ba zan kama suna ba, da ya aiko sau uku yana so, ta hana shi don ta ji labarin yadda ake jifan dabba a gidansa.

Shekara biyar kafin rasuwarta yanar ido ta rufe mata idanu, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Amma ko a hakan, da tafin hannu take gane cikin kyanwa. Sau nawa na ji tana faɗa a gaban 'ya'yanta: kyanwa in ta ɗauka, kukan neman namiji yakan tsaya cak. Bayan mako uku nonuwanta su yi ja su ɗan kumbura, gashin da ke kewaye da su ya ja baya. Wata takan yi amai kwana biyu ko uku, sai cin abinci ya ƙaru, barci ya ƙaru, ta riƙa manne wa mutum. A mako na biyar cikin ya fito ta gefe da gefe. In ta kusa cika mako tara, sai ta fara neman lungu mai duhu da tsumma mai laushi, lokacin ne ake ajiye mata kwando a ƙuryar ɗaki, a daina ɗaga ta ta ciki, a bar ta ta huta. Haka take ta maimaitawa. Amma wa ke sauraron tsohuwa in tana maganar kyanwa?

Da damina ta kama, aka samo mata layi a asibitin ido a birni. Ni na raka ta, muka sauka wajen wani ɗan'uwanmu, don an ce sai an yi ido ɗaya ya warke kafin a taɓa ɗayan, abin zai ci kusan wata uku. Ranar tafiya ta tara 'ya'yanta uku a tsakar gida: Sallau, babbansu, manomi, wanda ke zaune da iyalinsa a gidan, Mamuda, mai sayen awaki yana kai kasuwanni, da autarsu Ladidi, wadda ke aure a unguwar gabas. Ta ce, "Ba na bar muku komai sai Shuni. Ta tsufa, shekararta takwas, haihuwarta ta bara saura kaɗan ta kashe ta, 'ya'yan ma ba su rayu ba. In ta fara kuka, kada ku buɗe mata ƙofar ɗakina. In na dawo zan kai ta wajen malamin dabbobi ya duba ta, in ya ce ba za ta iya ba, a yi mata aikin tsayar da haihuwa, in haƙura." Su duka suka ce, "To, Iya." Kowa ya ɗauki aikinsa: Sallau ƙofa, Mamuda lafiyarta, Ladidi abinci da sharar ɗaki.

To ga Sallau. Ba mu yi mako da tafiya ba Shuni ta fara kuka. Duk wanda ya taɓa jin kukan nan ya san ba daɗi, kamar jariri ake yi wa kaciya. Kwana huɗu tana yi. A rana ta biyar Sallau ya dawo daga gona da azahar, ya sha noma tun hantsi, ya kwanta a zaure ya ɗan miƙe baya, kuka ya hana shi. Ya tashi cikin fushi ya je ya zare sakata, ya ce a ransa ta fita ta sha iska, tsohuwar kyanwa irin wannan wane ciki za ta ɗauka? Kwana biyu ba a gan ta ba, aka kuma yi dace Ladidi ba ta samu zuwa ba a kwanakin. A na uku ta dawo da kanta, ta shiga ɗaki ta kwanta, kuka ya tsaya. Sallau ya ji daɗi, ya mayar da sakata, bai faɗa wa kowa ba. Shirun da ya ɗauka sauƙi ne, shi ne alama ta farko.

Ga kuma Mamuda. Bayan kamar wata guda ya leƙo ɗakin, ya tarar ta yi amai a bakin ƙofa, ya ga ciki ya ɗan taso. Kun san Mamuda da ji da kansa a kan dabba. Yana ganin akuya daga nesa zai gaya maka abin da ke damun ta, kuma sau da yawa yakan dace. Ya ce tsutsar ciki ce. Tunda ya san ƙofa a kulle take, ciki bai ko zo masa a rai ba, bai kuma juya ta ya dubi nonuwanta ba. Malamin dabbobi yana zuwa kasuwarmu duk Laraba, rumfarsa tana kallon turken Mamuda, amma ya ga tambaya a kan kyanwa zubar da girma ne. Ya ɗauko maganin tsutsa na awakinsa, ya kimanta da ido, ya matse mata baki ya ɗura. Kwana biyu Shuni tana tangaɗi, yawu na zuba, ba ta ci ba ta sha. Da ta miƙe, ya ce magani ya yi aiki. Shi ma bai faɗa wa kowa ba, yana jira Iya ta dawo ya ba ta labarin yadda ya ceci kyanwarta.

Sai Ladidi. Ita ce ke ganin ta kullum, ita ta ga kwanon da a da ake ragewa yanzu ana lashe shi tas, ta ga barci, ta ga ƙiba, ta ɗauka zaman ɗaki ne. Wata rana, ganin danshin damina ya kama kaya, ta buɗe adakar Iya don ta sha iska, ta manta ba ta rufe ba. A cikin adakar nan akwai farin yadi da Yaya ta saya tun da daɗewa ta ninke, ta ce shi ne likkafaninta, kamar yadda tsofaffinmu ke yi. Washegari Ladidi ta shigo da kwanon abinci, sai ta ga Shuni ta tona yadin da farce ta yi gurbi, ta kwanta a tsakiyarsa tana kallon ta. Ku tuna a makon ne za a yi wa Iya aikin ido na biyu. Ladidi ta tsorata. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ƙara mata tsoro, ta ce kyanwar da ta hau likkafanin mai rai ba ta kwana a gida. Ladidi ta yi abin da muka taso muka ga ana yi wa kyanwar da ba a so a kashe: ta saka ta a buhu don kada ta gane hanya, ta shiga kwalekwale ta haye gulbi, ta kwance bakin buhun a gefen tsohon kufai, ta juyo ba ta waiwaya ba. Don son uwarta ta yi, wannan ba na musu. Amma kyanwar nan wurin haihuwa kawai take nema.

Kun ji laifin kowa. Yanzu ku ji abin da kowa ya yi daga baya, don ba zan rage wa kowa hakkinsa ba.

Ladidi ce ta fara farga. Washegari da safe tana shayar da ɗanta, sai hannunta ya tuna mata abin da ya taɓa jiya. Lokacin da take cusa Shuni a buhu, ta ji nonuwa a kumbure sun goge ta a wuyan hannu, ta kuma ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin tafinta. Tsoro ne ya hana ta tsayawa ta yi tunani. Yanzu maganar Iya ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya: ci, barci, ciki ta gefe, neman lungu. Ita da ta haifi biyar, ta ce ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tana iya yin shiru ta ce kyanwa ta gudu, ba mai sani har abada. Maimakon haka ta goya ɗanta ta tafi gona ta sami Sallau, ta ce, "Yaya Sallau, don Allah ka gaya mini gaskiya, Shuni ta taɓa fita?" Ya sunkuyar da kai ya faɗa. Suka ƙirga, mako takwas da kwana biyar. Ta aika aka kira Mamuda, shi ma ya faɗi nasa, ita ma ta tona kanta a gabansu, ta kwatanta musu daidai inda ta kwance buhun. Ba don ita ba, da ba wanda zai san akwai abin nema, balle inda za a neme shi.

Sallau ne ya tafi. Cikin dare an yi ruwa mai ƙarfi, gulbi ya cika ya tumbatsa, masu kwalekwale suka ce ba za su saka jirgi ba sai ya ja. Ya rungumi babban gora ya faɗa ruwa, mutum mai shekara hamsin da mata da 'ya'ya tara, ruwa ya ja shi ya yar can ƙasa da mashaya, ya fito ya tako da ƙafa. Ya bar gonarsa a tsakiyar maimai, wato noma na biyu, ciyawa na cin gero. Kwana uku yana bin kufan nan, yana kira, yana ɗaga duwatsu, ƙaya ta yayyage masa ƙafafu. Fulanin da ke wajen suka ba shi wurin kwana, suna mamakin dattijon da ke neman kyanwa kamar ya ɓatar da saniya. A rana ta uku ya leƙa cikin wani rusasshen rumbu, ya same ta kwance a kan jiƙaƙƙen ƙaiƙayi. Ta haifi huɗu. Uku sun yi sanyi, ɗaya na motsi a jikin nono. Ya ce da ta gan shi ba ta gudu ba, ta ɗaga kai da ƙyar ta lashi yatsansa, shi da ya buɗe mata ƙofa. Ya saka uwa da 'ya a ƙwarya, ya ɗaura a ka da rawani, ya sake ratsa ruwa. Shuni ta kai gida da rai, amma a bakin ƙofar ɗakin Iya ta cika. Ba don Sallau ba, da 'yar ta bi uwarta a cikin rumbun nan.

Mamuda ne ya raya ta. Abu ne ɗan mitsitsi, kwana biyu da haihuwa, ido a rufe, bai kai tsawon yatsa biyu ba, ga shi babu uwa. Wannan karon bai tsaya jin kai ba, ya hau babur ya je har garin malamin dabbobi ya same shi a gida, ya faɗi abin da ya aikata, ya ce a koya masa. Malamin ya ce maganin awaki yana iya zama shi ya illata 'ya'yan, amma ba zai rantse ba, don akwai tsufan uwar, akwai sanyi da yunwar da ta sha. Ya ba shi sirinji marar allura. Mamuda yana da akuya mai sabon haihuwa, sai ya riƙa tatsar nononta yana ɗumamawa, ya kifa 'yar kyanwar a tafinsa yana ɗiga mata kaɗan-kaɗan, duk bayan awa biyu. In ta gama ya jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ya shafa mata ƙasan ciki kamar yadda uwa ke lasa, don in ba haka ba ba za ta iya bayan gida ba. A aljihun ƙirjinsa take zama saboda ɗumi. Kasuwa uku ya tsallake. Abokan cinikinsa suka sa masa suna Mai Jego, wasunku da ke zaune nan kun yi dariyar, na sani. A rana ta goma ta buɗe ido, a mako na huɗu ta fara lasar nono a murfin kwano. Ba don Mamuda ba, da wahalar Sallau da farkawar Ladidi duk sun tashi a banza.

Mu a birni ba mu san komai ba. Aiki ya yi kyau, idanun Yaya suka buɗe. A mota muna dawowa tana ta kallon gonaki kamar ƙaramar yarinya, ta ce mini, "Ilu, ka san abin da nake so in fara gani? Farin tabon ƙirjin Shuni. Shekara biyar ina shafa shi ban gan shi ba." Muna shiga gida, tun daga zaure ta fara kira. Sai ta ga su uku a tsaye a tsakar gida, ba mai iya ɗaga kai. Kowa ya faɗi nasa da bakinsa, ba wanda ya ɗora wa wani. Na zaci za ta yi faɗa, don Yaya ba ta da sanyin baki, amma ba ta yi ba. Ta zauna a bakin ƙofa, Mamuda ya ciro 'yar kyanwar ya ɗora mata a cinya. Sai ta rufe sababbin idanun nata, ta bi ta da yatsu tun daga kunne har wutsiya yadda ta saba, ta ce, "Mace ce." Da ta buɗe ido ta ga farin tabo a ƙirjin, sai hawaye. Tunda nake ban taɓa ganin yayata tana kuka a gaban 'ya'yanta ba sai ranar.

Akwai abin da ban gaya mata ba har ta koma ga Allah, yau zan faɗa a gabanku. Muna birni, Ladidi ta buga waya ta gaishe mu, ni na ɗauka don Yaya na kwance da bandeji a ido. Cikin hira ta ce, "Kawu, ka gaya wa Iya kyanwarta ta yi ƙiba, ba ta da aiki sai ci da barci." Na yi dariya, na ga maganar banza ce, ban isar ba. Da na isar, da kalmomin nan biyu sun ishi Yaya ta gane, kuma lokacin Shuni tana ɗaki lafiya, ba a buɗe adaka ba tukuna. Wannan abu yana ci na har yau. Shi ya sa kada ku saka ni cikin masu takara; su sun yi laifi sun gyara wani abu, ni ban gyara komai ba.

Yaya ba ta daɗe ba. Bayan an gama girbi ta kwanta ciwon kwana shida, ta rasu, kuma da farin yadin nan aka suturta ta, Ladidi ce ta wanke shi ta ɗinke inda farce ya ja zare. Kwana biyu kafin nan ta kira ni ta miƙo mini 'yar kyanwar, ta ce, "Riƙe ta har a yi arba'in. Bayan nan ka ba ɗaya daga cikinsu, wanda ka ga ya fi cancanta. Kada ku riƙa yawo da ita gida-gida, kyanwa gida ɗaya take sani." Na ce, "Yaya, ki faɗi suna mana." Ta ce ita uwa ce, ba za ta iya ba.

Arba'in ta wuce tuni. Su ukun kowa ya zo ya same ni shi kaɗai. Sallau ya ce a ɗakin da kakanninta suka zauna ya kamata ta zauna, kuma ya canza sakatar da hannunsa. Mamuda ya ce har yanzu in ta ji muryarsa ƙirjinsa take hawa. Ladidi ta ce daga uwa zuwa 'ya jinin nan ya zo, kuma yanzu ba kyanwar da za ta ɗauki ciki a gabanta ba ta gane ba. Ba wanda ya ɓata ɗan'uwansa a wajena, shi ya ƙara ɗaure mini kai. 'Yar Shuni tana gidana, watanta biyar, ba da jimawa ba ita ma za ta fara nata kukan, kuma dole kafin ranar ta kasance a hannun wanda zai san lokacin rufe ƙofa da lokacin buɗewa. In aka sake kuskure a kanta, abin da mahaifiyarmu ta saka a kwando ya ƙare ke nan.

To, na gama, bakinku nake jira. Ga wanda ya zare sakata amma ya ratsa gulbi, ga wanda ya ɗura magani amma ya yi jego, ga wadda ta ɗaure buhu amma ta gane ta kuma tona kanta. Wane ne a cikinsu zan kai wa 'yar Shuni gobe da safe?